Lissafi Kafin Walda: Girman Silinda Da Ƙarfin Motar Loda

Jawabin Kwamitin Sana'o'i a gaban taron 'yan ƙungiya. An buga shi a nan domin waɗanda ba su samu halarta ba.



A zaman da ya wuce an ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya duba maganar tsohuwar taraktar nan da ƙungiya ta saya, wadda ake so a ƙera mata hannu da bokiti a gaba ta zama motar loda, domin samarinmu su riƙa zuba yashi da tsakuwa a tifa. Inda magana ta tsaya shi ne kan silinda, watau ƙarfen nan mai sanda mai walƙiya da ke ɗaga hannun. Wasu daga cikinmu sun ga guda biyu masu araha, masu faɗin ciki milimita 63. Wasu kuma sun samo manya biyu masu milimita 100 da aka kwance daga wata matacciyar katafila, suka ce ai babba babba ne. To, mun zauna mun yi lissafi, kuma amsar da ta fito ba ɗaya daga cikin biyun nan ba ce. Tun da kuɗin na jama'a ne, har da na iyayenmu mata da suka zuba adashensu, ba daidai ba ne mu ce ku yarda da mu kurum. Za mu bi lissafin tare, duk mai waya a hannu ya buɗe kalkuleta ya bi mu, in mun kauce ya ɗaga hannu.

Irin wannan mota ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 ne marigayi Janar Murtala Muhammed ya sanar da cewa za a gina sabon babban birni a nan, bisa shawarar kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda, kuma sai ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, da bayansu ma, ƙarfe ne ya ture dutse ya cike kwari, a hannun Julius Berger da sauran kamfanoni. Iyayenmu da yayyenmu da suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, har da Maraɗi, da yawansu da shebur da kwanon sarki suka fara. Wasu suka zama yaran mota, daga nan suka hau kujerar feloda da gireda. Wanda ya zauna Mpape ya san ƙarar fasa dutse da jerin tifa, kuma sunan garin ma a bakin masu masaukinmu Gbagyi dutse yake nufi. Saboda haka tuƙi mun iya, kwancewa da ɗaurawa mun iya. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne lissafin, domin shi a ofis aka riƙa yin sa, mu sai dai a miƙo mana ƙarfe a ce ɗaura. Yanzu da za mu ƙera namu, ba wanda zai yi mana.

Asalin maganar ɗaya ce. Mai, in an kulle shi a cikin ƙarfe aka matsa shi, ba ya ƙanƙancewa kamar iska, sai ya kai wannan matsi ko'ina daidai wa daida. Wani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana wannan ka'ida, sannan a 1795 wani Baturen Ingila mai suna Joseph Bramah ya ƙera injin matsa kaya da ita. Jak ɗin da ke cikin but ɗin motarka jikan wannan inji ne: kana danna ƙaramin fistin da hannu ɗaya, babban fistin yana ɗaga mota. Silindar loda haka take, sai dai a maimakon hannunka famfo ne ke turo mai.

Abu biyu kaɗai ke ba silinda ƙarfi: matsin mai, wanda makanikai ke kira firesha, da faɗin fuskar fistin da man ke turawa. Matsi ana auna shi da bar. Ku ɗauki ɗan fili mai santimita ɗaya a tsawo da santimita ɗaya a faɗi, kamar farcen ɗan yatsa, mu kira shi murabba'i ɗaya. Bar ɗaya daidai yake da a ɗora kilo ɗaya a kan wannan ɗan fili. A gaskiya ya ɗara kilo ɗaya da ɗan abin da bai kai a damu da shi ba. Ke nan bar sau murabba'i, shi ne kilo nawa silinda za ta tura.

Yadda ake samun faɗin fuskar fistin kuwa, a auna bakin silinda daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, da santimita. A buga wannan lamba sau kanta, sannan sau 0.785. Silinda mai milimita 100 santimita 10 ke nan: 10 sau 10 sau 0.785 ya ba da murabba'i 78.5. Mai milimita 80 ta ba da 50.2. Mai 70 ta ba da 38.5. Mai 63 ta ba da 31.2. Ku lura da wani abu a nan. Daga 63 zuwa 100 baki bai ko ninka ba, amma fuska ta ninka sau biyu da rabi. Shi ya sa ido ba ya iya wannan hukunci. Kuma cikin silinda ake aunawa, ba bayanta ba. Mai sayarwa zai ɗora tef a jikinta ya ce maka 95, alhali kaurin ƙarfen ya ci 15, cikinta 80 ne.

Sai matsin. Yawancin taraktocin noma da muka saba da su, irin su Massey Ferguson, da Steyr da aka yi ta haɗawa a Bauchi, da Fiat da aka haɗa a Kano, famfonsu yakan tsaya tsakanin bar 170 da 210 in yana da lafiya. Amma tsohon famfo ba ya karanta littafi. Mun ɗaura geji a tamu, allura ta tsaya a 180. Daga famfo zuwa silinda kuma akwai tiyo da bawul da gwiwoyi, kowanne yana cin nasa rabo, saboda haka a lissafinmu mun yi aiki da 160.

To, ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Silinda mai 63 a bar 160 tana tura kilo 4,985, kusan tan 5. Biyu kusan tan 10 ke nan. Bokitinmu kuwa rabin kyubik mita zai ci. Busasshen yashi kyubik ɗaya yakan kai kilo 1,600, amma jiƙaƙƙe, irin wanda ake haƙowa daga rafi ko wanda ruwan Agusta ya kwana a kansa, yakan doshi kilo 2,000. Da jiƙaƙƙen za a yi lissafi, don damina ba ta neman izini. Rabin kyubik kilo 1,000 ke nan. Bokitin kansa kilo 250. Hannuwan biyu kilo 300, amma tun da nauyinsu a tsakiya yake, daidai yake da a rataya kilo 150 a can ƙarshe. Jimla kilo 1,400. Sai mutum ya ce, to Malam, tan 10 a kan tan ɗaya da rabi, ina matsalar?

Matsalar a damtsenka take. Ɗauki guga cike da ruwa ka riƙe shi a jikin cinyarka, za ka kai shi gida. Miƙe hannu da shi sosai, ko ƙirga goma ba za ka gama ba. Nauyin gugan bai canja ba, nisansa ne daga kafaɗa ya ƙaru, naman da ke ɗaga hannun kuwa yana nan manne kusa da gaɓa. Hannun loda haka yake. Kaya yana can nesa da babban fin ɗin da hannun ke juyawa a kansa, silinda kuwa tana tura shi daga kusa.

Awo biyu ake bukata. Na farko, nisan tsakiyar kaya daga babban fin, a kwance, watau ka saki igiya mai dutse daga fin, ka saki wata daga tsakiyar bokiti, ka auna tsakaninsu a ƙasa. Na biyu shi ne wanda ake yawan kuskurewa. Ba nisan da ke tsakanin babban fin da wurin da aka ɗaura silinda a jikin hannu ake so ba. A ja zare daga fin ɗin gindin silinda zuwa fin ɗin kanta, sannan a auna tazara mafi gajarta daga babban fin zuwa wannan zare. Wannan tazara ita ce hannun da silinda ke aiki da shi, kuma tana canjawa yayin da bokiti ke tashi. Ba sai an yanka ƙarfe ba kafin a san ta. Mu a kan daɓen siminti muka zana hannun da alli, daidai girmansa, muka yi silindar da katako biyu da ƙusa, muka juya shi wuri uku. Daga nan sai a buga nauyi sau nisan kaya, a raba da tazarar silinda.

Bokiti yana ƙasa, nisan kaya santimita 220, tazarar silinda 45. Kilo 1,400 sau 220, a raba da 45, ya ba da kilo 6,844. Hannu ya miƙe a kwance, nisan kaya 250, tazara 40, ya ba da 8,750. Bokiti ya kai ƙololuwa, inda zai tsallake gefen tifa, nisan kaya ya ragu zuwa 190, amma tazarar silinda ta tsuke zuwa 25, sai amsa ta haura 10,640. Kun ga kayan da bai kai tan ɗaya da rabi ba yana neman ƙarfin da ya wuce tan 10 da rabi. A raba wa silinda biyu: a ƙasa kowacce 3,422, a tsakiya 4,375, a sama 5,320.

Yanzu ku ɗora wannan a kan mai milimita 63, wadda iyakarta 4,985. A ƙasa za ta ɗauka da sauƙi. A tsakiya za ta wuce. Ranar gwaji a gareji, da bokitin da babu komai a ciki ko da busasshen yashi, kowa zai tafa a ce aiki ya yi. Sai ranar da aka je bakin rafi aka cika shi da jiƙaƙƙe, bokiti ya tashi, ya tashi, saura kaɗan ya tsallake gefen tifa sai ya tsaya cak, inji yana kuka, direban tifa yana duban agogo. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san abin da ke biyo baya. Wani zai fito da sifana ya nufi bawul ɗin tsaro, wanda ake kira rilif, ya ce bari a ɗan ƙara mata wuta.

Muna roƙon makanikanmu, don Allah, su saurari wannan da kyau. Rilif ba wurin ƙara ƙarfi ba ne. Ƙofa ce da aka bari domin in matsi ya kai iyaka mai ya koma tanki maimakon ya fasa wani abu. In ka ɗaure ta daga 180 zuwa 230, gaskiya ne bokiti zai tashi, amma famfon da aka yi don 180 ne ke biya, da tiyo, da sil, kuma ba a gaya maka wanda zai fara sallamawa ba. Tiyo mai waya ɗaya na rabin inci yawanci iyakarsa bar 160 ne ko ƙasa da haka, mai waya biyu ne ke kai 240 ko fiye, kuma a rubuce yake a jikinsa ga mai son karantawa. In tiyon gindin silinda ya fashe bokiti yana sama, ba saukowa yake a hankali ba, faɗowa yake da tan ɗaya da kwata. Su wa ke tsayawa a wurin? Yaran mota ne, masu baje yashi a cikin tifa, 'ya'yanmu da ƙannenmu.

Saboda haka a nemi girman da ya dace tun farko. Mafi tsananin bukata kilo 5,320 ne. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda gogayyar fin da sil, da ranar da direba zai tula bokiti ya yi tozo, ya zama 6,650. A raba da 160, ya ba da murabba'i 41.6. A raba da 0.785, ya ba da 53. Wace lamba ce in an buga ta sau kanta za ta ba da 53? Bakwai da ɗan ɗori ce, wajen 7.3. Ke nan milimita 73 muke nema. Ba a ƙera wannan girma, abin da ake samu 63 ne da 70 da 80 da 100. Mai 70 tana ba da kilo 6,160, za ta ɗaga kayan amma ba ta bar rarar da muke so ba. Mai 80 tana ba da 8,030. Ita kwamiti ya zaɓa. Da ita, a wuri mafi tsanani, bar 106 kacal famfo zai yi, mai ba zai yi zafi ba, tsohon famfonmu kuma zai ƙara kwana.

'Yan'uwanmu masu ra'ayin milimita 100 za su ce, to in rara ake so, ga rara. Muna girmama su, amma ga abin da ya hana. Na farko gudu. Silinda sai ta cika da mai kafin ta miƙe. Tafiyar sandar da muke bukata santimita 60 ce. Mai 80 tana shan 50.2 sau 60, watau lita 3, biyu lita 6. Famfonmu lita 30 yake bayarwa a minti, ke nan daƙiƙa 12 bokiti ya kai sama. Masu 100 lita 9.4 za su sha, daƙiƙa 19 ke nan. Bambancin daƙiƙa 7 kamar ba komai ba ne, amma tifa mai kyubik 10 bokiti 20 take ci, in an loda tifa 20 a yini an yi asarar fiye da minti 45 ana ƙona gas a banza, ga layi yana jira.

Na biyu ya fi wannan muni. A bar 180 manyan nan biyu za su tura tan 28. In bokiti yana ƙasa ya saƙale a ƙarƙashin dutse ko saiwa, wannan ƙarfi ya kai kusan tan 6 a bakin bokiti. A jikin katafilar da aka ciro su ba laifi, don an gina ta domin haka. A jikin taraktar noma da hannun da aka yi wa walda a unguwa, rilif ba zai buɗe ba tukuna hannu ya lanƙwashe, ko walda ta yage, ko gatarin gaba ya karye. Ƙaramar silinda in kaya ya fi ƙarfinta tsayawa take yi. Babba ba ta tsayawa, abin da ke riƙe da ita take karyawa. Ko mai 80 ɗin ma ba za mu sakar mata 180 duka ba. Shawararmu a sa wa bawul ɗin loda nasa rilif a tsayar da shi a bar 140. A nan kowace silinda tana ba da kilo 7,028, ya wuce 6,650 da muke nema, ragowar kuwa ba mu da bukatarsa. Wato in za a taɓa rilif, ƙasa za a yi da shi, kuma da geji a ɗaure, ba da kunne ba.

Masu 63 ɗin nan kuwa ba a yar da su ba, suna da wurin zama a kan bokiti. Amma a nan lissafi ya ɗan juya. A irin lodar da ake ɗaura wa tarakta, silindar bokiti ja take yi in za ta kwaso kaya, kuma a wajen ja sanda ta cinye wani ɓangare na fuskar fistin. Sandarsu milimita 35 ce, fuskarta murabba'i 9.6. A cire daga 31.2, saura 21.6. A bar 140 kowacce za ta ja wajen kilo 3,000, biyu 6,000. Tsakiyar kaya tana santimita 40 daga fin ɗin bokiti, tazarar silinda 20, ke nan 1,250 sau 40 a raba da 20, kilo 2,500 ake bukata don riƙe kaya. Saura ya ishi ɓamɓaro yashin da ya daskare. Direbobin manyan feloda za su tuna cewa a tasu akwai wani ƙarfe a tsakiya da ke juya aikin, silinda ta tura bokiti ya kwaso. An yi haka ne takanas domin a ci moriyar dukan fuskar fistin wajen haƙa.

Kaurin sanda shi ma abin dubawa ne, musamman a silindar ɗagawa wadda ke tura kaya tana miƙe. Kara in gajere ne ka danna shi ba ya komai, in dogo ne sai ya yi baka. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, ya warware wannan tun 1744: in tsawo ya ninka biyu, juriya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kauri kuwa ɗan ƙari kaɗan yana yin aiki mai yawa, sanda mai milimita 45 ta fi mai 35 jure lanƙwasa fiye da ninki biyu da rabi. Don haka mai 80 ɗin da za a saya kada sandarta ta gaza 45, in an samu 50 ya fi. Fin kuma a sa na ainihi mai tauri, da bushin da wurin giris. Rodin gini ba fin ba ne, ko da ya shiga ramin daidai.

Akwai lissafin da ba na silinda ba ne amma in an bar shi sauran duk aikin banza ne. Tarakta sikeli ce, ƙafafun gaba su ne tsakiyarsa. Kayanmu da bokiti kilo 1,250 suna santimita 150 a gaban gatarin gaba, tsakanin gatarin gaba da na baya kuma santimita 220. A buga 1,250 sau 150 a raba da 220, kilo 852 ke nan aka ɗauke daga ƙafafun baya, aka jibga wa na gaba fiye da tan 2. Ƙafafun baya su ne masu ja, su ne masu birki. In sun yi sauƙi a kan gangara, irin gangaren Mpape, direba ya zama ɗan kallo. Maganinsa nauyi a baya. Duro mai lita 200 in an cika shi da kankare yakan kai kilo 480, a rataya shi a ƙugiyar garma. Kamfanonin da ke ƙera feloda ka'idarsu ita ce kada kayan aiki ya wuce rabin nauyin da zai ɗaga ƙafafun baya. Kuma in ana tafiya da kaya bokiti ya zauna ƙasa-ƙasa. In yana sama aka faɗa rami, girgizar tana ninka matsin da ke cikin silinda, a lokacin kuwa bawul a rufe yake, rilif ɗin famfo bai ma san abin da ake ciki ba.

Ga waɗanda za a aika sayayya, ko Zuba ne, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ku tafi da ma'auni da takarda. Kayan da ke kasuwa daga ƙasashe dabam-dabam suke, kowa da awonsa. Na Amurka da inci suke: inci 3 milimita 76 ne da ɗigo 2, ba 80 ba, kuma sil ɗin wannan ba ya zama a wancan. Matsinsu da psi suke rubutawa, bar ɗaya psi 14.5 ne, ke nan psi 3,000 wajen bar 207. Na ƙasar Sin, irin su SDLG da LiuGong da XCMG da suka yawaita a wuraren aiki, da MPa suke rubutawa, MPa ɗaya bar 10 ne. Biyun da za ku sayo su zama tagwaye, baki ɗaya, sanda ɗaya, tafiya ɗaya, in ba haka ba hannu zai murɗe. Ku auna tsawonta daga fin zuwa fin tana rufe, ku zare ta ku sake aunawa. Ku bi sanda da farce, in farce ya tsaya a wani ƙarce ko tsatsa, wannan wurin zai ci sil cikin 'yan makonni. Ku mirgina ta a kan daɓe mai laushi ku ga ko ta yi baka. In mai kaya ya ƙi a kwance a duba ciki, ku yi masa sallama cikin mutunci.

Mai kuma a sa na haidirolik, mai lamba 46 ko 68, don zafin garin nan a watan Maris da Afrilu ba wasa ba ne. Baƙin man da aka juye daga inji ba ya shiga wannan tanki, ko da kyauta aka ba mu. Lokacin hunturu ƙura tana manne wa sanda ta bi ta ciki, saboda haka robar bakin silinda mai share ƙura in ta tsage a canja ta a ranar, ita ce mafi araha a cikin kayan duka.

Sai magana ta ƙarshe ga samarin da za a ba motar. Kada wanda ya shiga ƙarƙashin hannu yana sama sai an tokare shi da ƙarfe, ko da inji a kashe yake. Kafin a kwance tiyo a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a motsa liba gaba da baya har matsi ya fita. In ana neman inda mai ke yoyo, da kwali ake nema, ba da hannu ba. Man da ke fita ta ramin da bai fi bakin allura ba a irin wannan matsi yana huda fata ya shige cikin nama. Ciwon a ido kamar cizon sauro ne, amma a ciki nama yake kashewa, kuma yakan kai ga yanke yatsa ko hannu. Wanda wannan ya sama kada a tsaya shafa magani ko zuwa kemis, a wuce da shi babban asibiti a cikin sa'o'in farko, Asibitin Ƙasa da ke cikin gari ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, a gaya wa likita ƙarara cewa man haidirolik ne ya shiga, domin aikin tiyata ne.

Abin da kwamiti ke nema daga wannan taro shi ne amincewa a sayi silinda biyu masu milimita 80 da sanda 45 ko 50 da tafiyar santimita 60, a karɓi masu 63 domin bokiti in an kwance an ga cikinsu lafiya, a mayar wa mai su da masu 100, a kuma sayi geji ɗaya mai kai bar 400 ya zama na ƙungiya, duk ɗan'uwan da ke bukata ya ara. Lambobin nisa da tazara da muka karanta na zanenmu ne. In mai walda ya matsar da fin ko da santimita 5 ne, ya dawo a sake bugawa kafin ya kunna wuta. Zanen allin yana nan a daɓen bayan ofis ba a share ba, mai son gani ya biyo mu bayan sallar La'asar.

Shugaba, mun gama. In da mai tambaya, bismillah.